Zagin da Bai Taɓa Isa Ba

Kawuna mai gyaran takalmi ne, kuma ya haura shekara ashirin a ƙasar nan ba tare da ya iya tambayar hanyar banɗaki da yaren mutanenta ba. Ba wai kansa ne ba ya ja ba. Mutumin da zai kalli dunduniyar takalminka ya gaya maka ƙafar da ka taɓa gurɗewa ba za a kira shi daƙiƙi ba. Ƙi kawai ya yi, kuma Kawu in ya ƙi abu sai ka rantse albashi ake ba shi a kan ƙin.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Ina ƙarama aka zo da ni, a nan na yi makaranta, yaren garin ya zauna a bakina tun kafin in gama famfara. Tun lokacin Kawu yake kira na Barkono, wai don ba na barin magana ta kwana. Ban taɓa jin haushin sunan ba, don na san gidan da na gado halin.

Shagonsa wani ɗan tsukin wuri ne tsakanin mai burodi da kantin magani. In ka shiga, warin gam da na fata ne za su fara yi maka maraba. Daga hagu akwai kanta cike da takalman da masu su suka manta da su, daga dama keken ɗinkin fata mai tari kafin ya tashi. Shi kuma yana can ƙurya a kan guntuwar kujera, ga ƙafar ƙarfen da yake kifa takalmi a gabansa, guduma a hannu, ƙananan ƙusoshi jere a leɓensa. Waɗannan ƙusoshin su ne rabin sa'arsa a duniya. Saboda su bakinsa kullum a shimfiɗe yake kamar mai murmushi, muryarsa kuma a tausashe take fita, don in ya ɗaga ta sai ya haɗiye jarinsa.

Ɗaya rabin sa'ar tasa kuwa tana zaune a bakin ƙofa kan kujerar roba, tana ɗaura wa takalma lamba. Ita ce matarsa, wadda nake kira Inna. Ba ta taɓa shiga aji don koyon yaren ba. A kasuwa ta tsince shi, da rediyo, da layin asibiti, da bakin matan unguwa, har ta iya shi tsaf. Ita ce kunnen Kawu, ita ce bakinsa.

In ka ce masa ya koya, hujjojinsa a shirye suke. Takalmi ba ya jin yare. Shi da hannu ya zo ci, ba da baki ba. Yarensa bai yi masa laifin komai ba da zai yi masa saki. Sannan ai gida za a koma, to me zai yi da kayan da ba za su shiga jaka ba? Wannan komawa gidan tun ina firamare ake shirinta.

Ni kuwa tambaya ɗaya nake yi masa, kuma ba da wasa ba. "Kawu, ranar da Inna ta kwanta, wa zai yi magana?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," in ji shi, ta tsakanin ƙusoshi. "Uwargida ba ta kwanciya."

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ba Kawu ne babban mai adawa da karatun Kawu ba. Inna ce. Duk sanda na tayar da maganar sai ta ce in bar mata miji ya tsufa cikin kwanciyar hankali. Wata rana da na matsa, ta ja ni bayan kanta ta ce, "Ke yarinya, ranar da kawunki ya iya yaren nan, a ranar za mu kwashe kayanmu daga unguwar nan."

Gaskiya ta faɗa. Kawu yana da baki, kuma bai yarda akwai mutumin kirkin da zai bar takalminsa ya lalace ba. Tunda kuwa duk wanda ya shigo shagon da lalataccen takalmi yake shigowa, kowa mai laifi ne tun daga bakin ƙofa. Wani zai miƙo nasa, Kawu ya jujjuya shi, ya leƙa ciki, ya ce, "Gaya masa wannan ba takalmi ba ne, gawa ce. Ya kai ta ya binne, ya nemi gafararta." Sai Inna ta juya da fara'a ta ce wa mutumin da yarensu, "Maigida ya ce takalmin nan ya yi maka hidima da amana, zai yi iya ƙoƙarinsa ya ƙara masa kwana." Mutumin ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai, Kawu ya ce, "Kin gani? Kunya ta kama shi."

Wata mata ta kawo takalmi mai tsini, dunduniyar ta karye. Kawu ya ce a gaya mata ta sauko ƙasa, ba a rabon komai a sama. Inna ta ce mata maigida ya ce irin wannan takalmin ba kowace mace yake yi wa kyau ba. Matar ta dawo da ƙawayenta.

Duk wanda ya san yarukan biyu ya san abin da ke gudana, amma Inna ta riga ta rufe mana baki da ido. Haka sunan Kawu ya bazu a unguwa a matsayin dattijo mai daɗin baki. Har akwai wata tsohuwa da take kawo takalman da babu abin da ya same su, don kawai ta ji abin da zai ce.

Babban yaƙin Kawu kuwa da mai burodi ne. Katon mutum ne mai jan fuska, kullum da gari a gashin hannunsa, kuma yana da farar motar kai burodi da yake ajiyewa daidai ƙofar Kawu da zarar ya dawo daga rabon safe. Motar ta tare allon shagon, ta tare hasken, ta tare hanyar. Kowace safiya Kawu yakan tura saƙo.

"Gaya wa wannan buhun fulawar ya ɗauke akwalar motarsa daga ƙofata. Allah ya sa tayoyinta su sace gaba ɗaya a kan gada."

Inna takan leƙa ta ce, "Maƙwabci, maigida yana gaishe ka, ya ce Allah ya kiyaye maka motarka a hanya."

A shekarun farko mai burodi shi ma yana da nasa ƙorafin: warin gam yana shiga masa burodi, guduma tana girgiza masa bango. Yakan zo ya faɗa da zafi, Inna ta ce wa Kawu haƙuri yake bayarwa, Kawu ya mayar da zagi, Inna ta miƙa addu'a. Mutum kuwa ba ya iya daɗewa yana faɗa da wanda yake yi masa addu'a. Kunya ta kama mai burodi, ya daina ƙorafi, ya fara kawo burodi mai zafi guda kullum. Inna ta ce wa Kawu na ban haƙuri ne. Kawu yakan ci da shayi yana cewa, "Tsorona yake ji. To amma me ya sa ba ya ɗauke motar?" Inna ta ce ya ce gobe.

Da haka aka yi shekaru, mutum ɗaya yana yaƙi, ɗayan yana zumunci, kowa kuma yana ganin shi ke da riba.

A bara ne na fara lura Inna ta rame. Zobenta ya fara yawo a yatsa. Takan dafa gefen cikinta na dama in za ta tashi, in ta ga ana kallonta sai ta mayar da abin gyaran zani. Na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Wata Asabar ta ce za ta ga likita, ita kaɗai, in zo in zauna mata a shago. Ta ja min kunne a waya, ta sake ja a bakin ƙofa: in karɓi takalmi, in ɗaura lamba, in yi murmushi.

Na zauna a kujerarta raina a ɓace. Tsoro nake ji, ni kuwa tsorona da fushi yake fitowa. Ga mace ta tafi asibiti ba mai raka ta, ga mijinta yana nan yana zagin dunduniyar wani. Ana cikin haka farar mota ta zo ta tsaya, shagon ya yi duhu, mai burodi ya shigo da burodinsa a takarda yana fara'a.

Kawu ya ce, "Barkono, gaya masa na gaji da ganin fuskarsa. Buhun fulawa kawai. Allah ya sa injin motar ya faɗo a tsakiyar titi."

Na gaya masa. Ban rage ko wasali ba, buhun ma sai da na kwatanta da hannu.

Mai burodi ya tsaya da burodi a hannu. Ya kalle ni, ya kalli Kawu da ke murmushin ƙusoshi, ya sake kallona. Sannan ya girgiza kai ya ce, "Yarinya, ko dai ba ki iya fassara ba, ko kuma ba ki da tarbiyya. Wannan bawan Allah shekara da shekaru yake yi wa motata addu'a. Ko haɗari ban taɓa yi ba."

"Me ya ce?" in ji Kawu.

Na gaya masa wannan ma, ban rage ba.

Ban taɓa ganin Kawu ya cire ƙusoshi daga bakinsa da rana tsaka ba sai ranar. Ya tofa su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Mai burodi ya ajiye burodin, ya dafa kafaɗar Kawu don jaje, ya fita. Can sai ga shi ya dawo da wani burodin babba, wai don a rage wa dattijo zafin samun irina a dangi.

Kawu bai yi aiki ba ranar. Ya sa ni na zauna, ya riƙa jero min zage-zagensa na tarihi yana tambayar yadda aka isar da su. Na ɗan sanda mai warin ƙafa? An ce masa aikinsu akwai wahala. Na mai gidan haya? An yi masa fatan tsawon rai. Na matar da ya ce ƙafarta ta fi ta mijinta? An ce mata tana da tafiyar manya. Kowace amsa sai Kawu ya dafa kai.

"Duk a banza," ya ce. "Zagi mai kyau, wanda na zauna na tsara. Ko ɗaya bai isa ba."

Da Inna ta dawo, kallo ɗaya ta yi mana ta gane. Ba ta musa ba. Ta ajiye jaka ta ce, "Malam, da zagin ya isa, da burodin bai iso ba." Sannan ta harare ni hararar da har yau in na tuna sai na gyara zama. Kawu ya tambaye ta abin da likita ya ce, ta ce gajiya ce kawai, an ba ta magani.

Washegari ya ce in kai shi inda ake koyon yaren. Na yi shekaru ina roƙonsa saboda asibiti, saboda 'yan sanda, saboda mutunci, bai ji ba. Abin da ya kai shi aji shi ne yana so ya zagi mai burodi da bakinsa.

Ajin a wani ɗaki ne a bayan ɗakin karatu na unguwa, ranakun Asabar da safe. Kujerun yara ne, sai gwiwoyin Kawu suka kusa taɓa haɓarsa. Ɗaliban daga ƙasashe daban-daban suke: masu shara, direbobi, wata mai jego, da wani ƙaton kuku da aka haɗa su tebur ɗaya. Malamar wata siririya ce mai haƙurin da ya wuce misali. Ranar farko Kawu ya ce in tambaye ta yaushe za a zo kan zagi. Na ƙi. Ya yi ƙoƙarin tambaya da hannu, ya nuna ƙofa, ya kumbura kumatu, ya yi daƙuwa. Malamar ta ɗauka fitsari yake ji, ta nuna masa hanya.

Duk Asabar in na je ɗauko shi sai ya cika min mota da mita. "Ina kwana. Don Allah. Na gode. Yi haƙuri. Wannan ba yare ake koya mana ba, bara ce." Da aka zo darasin gaɓoɓin jiki da zuwa wurin likita, mitar ta ninka. An sa shi ya zama majinyaci, kuku ya zama likita, kuku ya riƙa danna masa ciki da hannun da ya saba murɗa ƙullu yana tambayar ina ke ciwo, tun yaushe, yana barci, yana cin abinci. Kawu ya ce shi lafiyarsa ƙalau kafin a fara darasin. Amma malamar ta sa suka maimaita har kalmomin suka zauna masa daram, duk da ya rantse ba zai taɓa buƙatarsu ba.

A shago kuma ya koma yin bita da takalma. Ya kifa takalmi a ƙafar ƙarfe ya tambaye shi sunansa da shekarunsa, sannan ya kwaɗa masa guduma. Inna tana jinsa daga bakin ƙofa, ba ta gyara masa ko kalma ɗaya. Fassararta ma ta fara taka-tsantsan, don ta lura in tana magana da mai takalmi gudumar takan tsaya.

Bayan 'yan watanni aka yi darasin ababen hawa, Kawu ya ce lokaci ya yi. Ya ce in zo in zama shaida. Ya sa riga mai tsabta, ya cire ƙusoshi, ya tsaya a ƙofa. Mota ta zo, mai burodi ya sauko. Kawu ya cika ƙirji da iska, ya buɗe baki, sai na ga idonsa yana yawo. Zagin yana nan da Hausa, jere, amma babu abin da zai ɗauke shi ya tsallaka. Ya laluba ya laluba, abin da ya samu a aljihunsa shi ya fitar. In na mayar muku da shi Hausa, ga yadda ya fito:

"Ina kwana. Don Allah. Mota. Ƙofa nawa. Babu haske. Na gode."

Mai burodi ya buɗe baki. Ya kalli motar, ya kalli ƙofar, ya bugi goshinsa da tafin hannu har gari ya tashi. Ya ce ai shi bai taɓa sanin tana damunsu ba, me ya sa ba wanda ya gaya masa? Nan take ya shiga ya matsar da ita gaban kantin magani, ya dawo ya rungume Kawu, ya bar masa hoton hannuwa biyu farare a bayan riga.

Rana ta shigo shagon har ƙurya, muka ga ƙurar da ba mu san da ita ba. Kawu ya juya a hankali ya kalli Inna.

"Ba ki taɓa gaya masa ba?"

"Inuwar motar nake sha," in ji Inna. "Kai kana ƙurya, ni ce a bakin ƙofa."

Na yi dariya har na zauna a kan takalman mutane. Kawu bai yi ba. Ya ci yaƙin shekara ashirin da kalmomin da ya raina, kuma abin bai yi masa daɗi ko kaɗan ba. Amma bai daina zuwa aji ba. Ya ce tunda an kama mutum da ƙarya sau ɗaya, dole a riƙa sa masa kunne.

Ba a yi wata ba ya kira ni a waya, abin da ba ya yi. Ya ce Inna za ta koma wurin likita, in zo in kai su. Na ce su? Ya ce su. Na iso na tarar ya kulle shago da rana, Inna tana ta cewa ba sai ya wahala ba, shi kuma kafin ta rufe baki ya riga ya shiga motata ya ɗaura bel.

Ɗakin likitan ƙarami ne: gado mai shimfiɗar takarda, ma'aunin nauyi a ƙasa, kujeru biyu. Inna ta zauna a ɗaya, Kawu a ɗaya da hularsa a gwiwa, ni na jingina da bango. Likitan, wani mai furfura da tabarau, ya fara tambaya da yarensu, Inna tana amsawa da wannan muryar tata ta bakin ƙofa.

Ciwon yana nan? Kaɗan ne, ba ya da yawa. Tun yaushe ya dawo? 'Yan kwanaki. Yana hana ta barci? A'a, tana barci lafiya. Abinci fa? Tana ci sosai. Likitan ya ce wancan karon ya tura ta a ɗauki hoton cikin, bai ga sakamako ba. Ta ce ai ta ji sauƙi ne shi ya sa ba ta je ba, kada ta ɓata wa mutane lokaci.

Ni na ji komai, kuma na yarda, don abin da take gaya min ke nan. Yaren ina da shi, labarin ne ba ni da shi. Likitan ya ɗauki biro zai rubuta mata maganin rage zafi.

Sai Kawu ya miƙe tsaye, hular ta faɗi ƙasa.

"Ƙarya," ya ce da yarensu. Ban san inda ya samo kalmar ba, don ba na jin tana cikin darasi. "Ita ƙarya. Kullum ƙarya. Shekara ashirin ƙarya."

"Malam, zauna," in ji Inna da Hausa, a hankali.

Bai ko kalle ta ba. Ya danna gefen cikinsa na dama, daidai inda kuku ya saba danna masa. "Ciwo nan. Babba. Ba kwana kaɗan ba, wata da yawa. Barci babu. Ita zauna, riƙe nan, kuka ƙarami, ni ji. Abinci babu. Shayi kawai, kuma amai." Ya tsaya yana neman kalma, gumi yana tsattsafo masa. "Ita ce mini likita ce gajiya. Kai ce gajiya?"

Likitan ya ajiye biro ya ce shi bai ce gajiya ba.

"To," in ji Kawu. "Don Allah. Duba. Mata nawa. Guda ɗaya."

Na juya na fuskanci bango, don hawaye sun zubo min kuma ba na so su gani. Kunya ce ta kama ni da tausayi a lokaci guda. Likitan ya sa Inna ta hau gado, ya danna wurin, ta yi ƙarar da ba ta da fassara. A ranar aka ɗauki hoto, a ranar aka ba ta gado. Tsakuwa ce a matsarmama, ta kumbura, likitan ya ce da an ƙara jinkiri da maganar ta zama wata.

Kafin a shiga da ita aiki Kawu ya tambaye ta dalilin ɓoye ciwon, da Hausa wannan karon, kuma ba da faɗa ba. Ta ce, "In na kwanta, wa zai tsaya tsakaninka da mutane?" Ya sunkuya ya ɗauki silifas ɗinta daga ƙarƙashin gado, ya jujjuya, ya ce maɗaurin ya kusa tsinkewa, ya sa a aljihu.

An yi aiki lafiya. Washegari da rana muna zaune a gefenta, allurar barci ba ta gama sakinta ba, sai ga mai burodi ya shigo a kan yatsun ƙafa, da ƙaton burodi a rungume. Inna ta buɗe ido ɗaya ta kalle shi. Ban san abin da allurar ta kwance mata ba, amma da Hausa ta yi magana, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Ga buhun fulawa nan. Ya ɗauke mota ya bar ni a rana. Burodin ma gishiri ya yi masa yawa, shekara ashirin ina haɗiyewa don zaman lafiya. Ku gaya masa."

Mai burodi ya matso da fara'a yana tambayar me ta ce. Ya kalle ni, ya tuna ko wace ce ni, ya juya wurin Kawu.

Kawu ya gyara hula. Ya kalli matarsa, wadda ta riga ta koma barci da baki a buɗe. Ya yi gyaran murya.

"Ita ce, na gode. Burodi kyau. Allah kiyaye mota."

Mai burodi ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya taka min ƙafa da takalminsa mai sabuwar dunduniya.

"Barkono," ya ce, "je ki nemo wuƙa a yanka wa mutumin nan burodinsa."